Wayar Muttaƙa da Rudun Surukinsa

"Daga nan inda nike zaune, ba tare da na ɗaga ƙafa ba, zan san halin da kowace albasa take ciki a garin ga. In ta yi zufa in sani. In ta yi atishawa in sani."

Muttaƙa ne ya faɗi haka, ranar Laraba, 15 ga Afrilu, 2009, bayan la'asar, a bakin shagonsa na cajin salula da ke gefen babban titi a Tsarnawa. Mu biyar ne a kan benci. Biyu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, shi ya sa na ga gara in rubuta abin tun da sauran masu shaida.

Kai mai karatu, in ba ka san Muttaƙa ba, ka samu karan dawa dogo, ka sa masa tabarau wanda ba na magani ba, ka soka masa biro uku a aljihu, biyu ba su rubutu, to ka gan shi. Ya bar lakwal, wato makarantar boko, a aji biyar, amma a allon shagonsa an rubuta da jan fenti: ANJINIYER MUTTAƘA. Mutanen gari suka ƙara masa da Sai-Gobe, domin duk rediyon da ya shiga shagon nan da tari, bebe yake fitowa, in ma ya fito ke nan.

Abin da ya kumbura masa kai a ranar wani kwali ne da abokinsa Salisu ya aiko masa daga Kwatano. A ciki akwai ɗan allo na lantarki, girman tafin hannu, irin wanda masu sha'awar haɗe-haɗe ke wasa da shi: ka gaya masa aikinsa ta ordinater, wato kwamfuta, ya riƙa yi ba gajiya. Akwai allo na biyu da ake goya wa na farko a baya, mai wani rami a gefe inda ake soka kabul, domin ya iya magana da ordinater daga nesa. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a bakin siririyar waya mai tsawon gaba uku, mai awon zafi, wanda Muttaƙa ya laƙaba wa suna hanci. Sai kabul ruwan toka, metir hamsin, da faifai, da ƴar takardar bayani.

"A sa hancin ga cikin rudu," in ji Muttaƙa, "a ja waya har nan, lambar zafi ta fito a gilashin ordinater. Shi ke nan, ruɓewar albasa ta ƙare a ƙasar Ƙwanni. Da rudun Baba za a fara."

Rudu, ga wanda bai taso a ƙasar albasa ba, ɗaki ne na kara da jinka, ɗage bisa ƙafafun itace, inda ake ajiye albasa iska na ratsa ta. Baban da yake nufi kuwa surukinsa ne, Malam Hamani, abokina tun muna kiwon awaki. Abin da ke cikin rudun Hamani ba albasar kasuwa ba ce. Albasar iri ce, kwando goma sha huɗu, wadda ake ajiyewa har bayan damina a dasa ta ta yi fure a sami irin shekara mai zuwa. Daga ubansa ya gaje ta. Shekara arba'in bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. In ta ruɓe, ba a sayo wata irinta ko'ina. Kowane kwana uku yakan buɗe rudun, ya shaƙa, ya juya, ya tsince masu laushi, kamar mai duba jinjiri.

To, ga inda matsalar take. Muttaƙa yana auren Hafsatu, ɗiyar fari ta Hamani. Ka san kunyar ɗan fari a wurinmu. Hamani bai taɓa kiran sunan ɗiyar ba, balle na mijinta. Shekara tara ba su taɓa haɗa ido ba. In suka yi kiciɓis a lungu, ɗaya ya duƙa yana gyara takalmi, ɗaya ya tsaya yana nazarin katanga. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakina take bi, domin na koyar a lakwal, har ake ce mini Mushe, wato malam, ana ganin ba na ƙari ba na ragi.

Na kai wa Hamani saƙo. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Mushe Chindo," ya ce, "ka ce ma mutumin ɗakin can mun ji, mun gode. Ka ce mishi albasar ga ta saba da yadda anka saba yi mata."

A bakin dattijo irin Hamani, wannan a'a ce mai girman motar siminti. Na kai ta yadda take.

"Bai ce a'a ba," in ji Muttaƙa.

"Bai ce i ba."

"Dattijo ba ya cewa i, Mushe. Kunya ta. Kai da ka yi karatu wurin Turawa ka manta al'ada."

Washegari na ɗauki tef na auna. Daga bakin shagon zuwa tudun bayan gari, inda rudun yake, metir ɗari da sittin da uku ne. Kabul kuwa hamsin. Na rubuta lambobin biyu a takarda, ɗaya bisa ɗaya, na miƙa masa.

Ya dubi takardar, ya yi murmushin tausayi. Ya ɗauki reza ya tsaga fatar kabul ɗin. Sai ga ƙananan wayoyi takwas masu launi daban-daban, an murɗe su biyu-biyu.

"Dubi ganganci," ya ce. "Ma'aikatan Turai ma sun lalace. Sun bar waya a murɗe kamar igiyar guga. Kuma dubi ɓarna, waya takwas a hanya guda, kamar mutum takwas su kai saƙo ɗaya. Mushe, kai malamin lissafi na. Hamsin sau takwas nawa?"

"Ɗari huɗu."

"To. Muna neman ɗari da sittin da uku, Allah ya ba mu ɗari huɗu. Har Hafsatu ta samu igiyar shanya."

Na ce masa takardar bayani ba ta ce a yi haka ba. Ya ce takardar bayani don waɗanda ba su da kai aka yi ta.

Kwana uku ya yi yana warware murɗin nan, yana miƙar da kowace waya da haƙori da babban yatsa, yana ƙulla ƙarshen wannan da farkon waccan, yana naɗe ƙullin da robar tayar keke. Ya rataya ta daga wannan bishiyar bedi zuwa waccan, ta bi ta kan zauren Alhaji Badaru, ta tsallake lungu biyu, ta hau tudu. Amalanke mai ɗauke da harawa ta tsinka ta sau ɗaya, raƙumi sau biyu. A rana ta huɗu ya tura bakin wayar guda ɗaya tal cikin ramin allon, ya tokare ta da tsinken ashana, ya dawo shago da gudu, ya kunna janareto, ya zauna gaban tsohuwar ordinatarsa, ya naɗe hannun riga.

Babu abin da ya fito. Mun jira har magariba.

"Saƙon na bisa hanya," in ji shi. "Tudu na. Saukowa a hankali ake yi."

Ranar Lahadi Fadila ta zo daga Ƙwanni. Ƙanwar Hafsatu ce, tana aiki a wani siber, wato shagon intanet, kusa da tasha, ita ke haɗa musu ordinatoci. Ita kam babu kunya tsakaninta da mijin yayarta, sai wasa, kuma ba ta wasa da rabin baki. Ta bi wayar da ido daga shago har tudu, ta dawo ta zauna a benci, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Anjiniyer, wa ya yi ma wannan aika-aika? Ka faɗi mini in kai shi jandarma."

"Ke ƴar siber, aikin manya na. Ba danna maɓalli ba na."

"Sarkin Wayoyi, murɗin da ka kwance, da gangan anka yi shi. Shi ka hana maganar da ke tafiya ciki ta watse. Kuma kowace waya da gurbinta a bakin kabul, sai an jera su bi da bi an matse da fensa. Kai ka kama ma'aikata takwas ka ɗaure su ƙafa da wuya, ka ce su yi ma aiki."

"Na sani. Gwaji nike yi, in ga ko wayar ta gaskiya ta."

"To ka gani. Ta gaskiya ta, kafin ta gamu da kai."

Duk da haka yarinyar tana da zuciya mai kyau. Mako na gaba ta zo da sabon kabul, metir tasa'in, da fensarta. Ta jera wayoyin, ta matse kawunan roba a bakin nan biyu, ta zuba wa allon umarninsa daga faifai. Ta gwada a cikin shago, wata ƴar fitila kore ta kama ƙyaftawa. Sa'an nan ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba mara lafiya kunu: irin wannan kabul ba ya kai magana fiye da metir ɗari. Ko dai ya nemo wani akwati a sa a tsakiyar hanya, ko ya ɗauki ordinatar ya matsa da ita kusa da tudu.

"In kai ordinater bayan gari?" in ji Muttaƙa. "Wa za ya gan ta can? Awaki? Nan bakin titi za ta zauna, inda motocin Yamai da na Maraɗi ke wucewa."

"To kabul ba ya kaiwa."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na san wannan alamar.

"In waya ba ta zuwa wurin rudu," ya ce, "rudu na iya zuwa wurin waya."

Na sake kai saƙo. Wannan karon Hamani ya fi daɗewa yana kallon ƙasa.

"Ka ce mishi babana ya zaɓi tudun can saboda iska. Ka ce mishi ni dai ban taɓa hana kowa komi ba."

Na kai duka biyun. Muttaƙa ya ɗauki na biyu ya sa aljihu, ya bar mini na farko. Na ƙara da nawa, na ce masa albasa iska take sha kamar yadda mutum ke shan ruwa. Ya ce wannan tsohon ilimi ne, na zamanin da babu lamba.

Ya kira gayya, ya dafa shinkafa da wake. Aka kwashe albasar a kwanduna. Ƙarti goma sha shida suka zura itatuwa ƙarƙashin rudun suka ɗaga shi cak, kamar yadda ake ɗaukar jinkar ɗaki, suka gangaro da shi cikin gari yana rangaji, Muttaƙa na gaba yana ja da baya yana ba da umarni da biro. Aka dire shi a wani lungu tsakanin katangar Alhaji Badaru da bangon wani kango, metir tamanin da huɗu daga shagon. Na san lungun nan. Ko hayaƙin taba ka busa a ciki, in ka dawo da yamma za ka tarar da shi yana jiranka.

Hamani yana tsaye can nesa ƙarƙashin wata gawo. Da aka gama, ya hau tudun, ya tsaya a kan ramukan nan huɗu da ƙafafun rudun suka bari, ya daɗe.

Aka mayar da albasa. Muttaƙa ya sa allon cikin gwangwanin madara tare da batir na babur, ya tura ƙarƙashin rudun, ya ce kowa ya ja baya zai saita hanci shi kaɗai. Aka soka kabul. Fitila kore ta ƙyafta. A gilashin ordinater, cikin manyan baƙaƙe, sai ga lamba: 27.

Gaskiya ni ma na ji wani abu. Abu yana can, maganarsa tana nan. Mutane suka cika bakin shagon har titi. Muttaƙa ya tsaya a gefe yana karɓar barka kamar wanda aka yi wa haihuwar tagwaye.

Sai ya fito da kwaɗo, ya datse ƙofar rudun, ya rataya mabuɗin a wuyansa.

"Daga yau ba mai buɗewa," ya ce. "Buɗe-buɗe ke rikita hanci. Mushe, ka ce ma Baba ya huta. Ya yi aiki shekara arba'in, yanzu lamba ta karɓe shi."

Kwaɗo a ƙofar ɗakin kara. Ka dai ji.

Damina ta sauka a watan Yuni. Lamba na nan 27. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, 27. Aka yi kwana tara babu ruwa, gari ya yi zafi har kaji na buɗe baki, 27, wata rana 26. Direbobi na tsayawa su leƙa, su sayi ruwan sanyi, su tafi da labari. Kowace safiya Muttaƙa kan ɗauki buta biyu ya shiga lungun, ya durƙusa, ya tsiyaya ruwa a ƙarƙashin rudun. In an tambaye shi sai ya ce sirrin aiki ne.

Hamani kuwa ya rame. Mutumin da ya saba da aikin kwana uku-uku ya zama ba shi da abin yi sai zama. Nakan gan shi yana bi ta bakin lungun, yana yi kamar yana cigiyar akuya, yana ɗaga hanci sama. A tsakiyar Agusta ya kira ni.

"Ka tambayi mutumin ɗakin can, ko wani abu ya mutu a lungun ga."

Na tambaya.

"Ɓera na, a gidan Alhaji Badaru," in ji Muttaƙa. Ya juyo mini da gilashin. "Karanta da kanka, Mushe. Hancin mutum na tsufa. Wanga ba ya tsufa."

Na ce ya ba ni mabuɗin na minti biyar. Ya ce ko Hafsatu ba ta taɓa shi. Na koma na gaya wa Hamani ya sa wuƙa ya yanke igiyar ƙofar, kayansa ne. Ya girgiza kai.

"In karya kwaɗon mijin ɗiyata, gari na kallo? Da wane ido za ta dube ni?"

Mako guda bayan ƙaramar salla, ranar Asabar 26 ga Satumba, Muttaƙa ya shirya bikin buɗewa. Alhaji Badaru, wanda shi ne shugaban ƙungiyar manoman albasa, ya gayyato baƙi daga wajen Galmi da Malbaza, mutum goma sha ɗaya, domin Muttaƙa ya yi alkawarin sa wa kowane rudu na ƙasar hanci. Fadila ma ta zo. Aka fara da shago. Muttaƙa cikin shadda fara, ya ƙara biro na huɗu, ya yi jawabi na minti ashirin da biyar. Ya nuna lamba. Sa'an nan ya ja zuga zuwa lungu.

Tun daga bakin lungun baƙin suka fara jan rawani suna rufe hanci. Wani dattijo daga Galmi ya ce shi ya tuna yana da ciwon gwiwa, zai tsaya daga nan.

Muttaƙa ya buɗe kwaɗo, ya ja ƙofa.

Ba zan kwatanta maka warin ba, don ina girmama ka. Ƙudajen da suka fito sun isa a yi musu hakimi. A bakin ƙofa akwai tsibin wani abu baƙi mai yauƙi, yana ɗiga ta tsakanin karan daɓe, wanda bai fi kwando biyu ba. Bayansa kuwa wayam.

Hamani ya ratsa mutane ya zo. Shi kaɗai bai rufe hanci ba. Ya tsuguna, ya sa hannu cikin tsibin, ya lalubo ɗaya, ta narke a tafinsa. Ya lalubo wata, haka. Ya leƙa ciki, ya dubi inda kwando goma sha biyu ya kamata su kasance. Na ga gemunsa na rawa. Na san shi shekara sittin, ranar da aka binne ubansa kaɗai na taɓa ganin haka.

"Ɓarayi," in ji Muttaƙa. "An yi muna sata. Amma na'ura ba ta yi ƙarya ba, zafi bai taɓa wuce ashirin da bakwai ba."

"Anjiniyer," in ji Fadila, "ina hancin? Ban gan shi cikin albasa ba."

Ta duƙa ta kama siririyar wayar daga gwangwani, ta bi ta da yatsa. Wayar ba ta hau sama ba. Ta yi ƙasa, ta shige cikin wani ɗan tulu da aka binne har wuya a jiƙaƙƙen yashi, an toshe bakinsa da tsumma. Ta jawo. Sai ga hancin ya fito, an naɗe shi da algarara mai laima, kamar goron biki.

"Mi ne ne wannan?"

"Ke ba ki san darajar kaya ba," in ji Muttaƙa. "Abin ga daga ƙasar sanyi ya fito, cikin jirgin ruwa. In bar shi cikin zafin rudu ya lalace? Wa za ya aiko mini da wani?"

"Wata huɗu ke nan kana auna lafiyar tulu."

"Kuma yana ban-ruwa ƙarƙashin albasa kullum safe," in ji Alhaji Badaru a cikin rawaninsa.

Muttaƙa ya fizge hancin daga hannunta, ya ɗaga hularsa, ya cusa shi ciki, ya mayar ya danne. Wayar ta sauko ta bayan kunnensa.

Ana cikin haka sai ga Kande, matar Hamani, ta shigo lungun da ƙwarya a ka. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ba a cika jin muryarta ba. Ta sauke ƙwaryar a gaban mijinta, ta buɗe faifai. Albasa ce, ja, busasshiya, tana ƙyalli, ko tabo babu. Ita ma ba ta iya yi wa suruki magana, sai ta juya wajen ɗiyarta.

"Fadila, ki ce ma mijin yayarki ba ɓarawo ba na. Ni ta. Tun ruwan fari na zo na ga ana shayar da tulu, na san ba lafiya. Na kwance kara uku ta baya. Ƙwarya guda kullum, in na fito ɗiban ruwa, har kwana arba'in da shida. Tana can tudu, a rudun ƙanwata. Kwando goma sha biyu, ban da albasa bakwai da na tsince."

"Inna, mi ya hana ki kwashe duka?"

"Na bakin ƙofa ana hango su ta tsakanin kara. Kuma na ce a bar mishi wani abu ya tsare, kar ya ji kunya."

Hamani ya ɗauki albasa ɗaya daga ƙwaryar. Ya juya ta, ya latsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido sai ya dubi matarsa.

"Wata uku kina kallo ina ramewa, ba ki faɗa mini ba."

"Da na faɗa maka, da kunya ta sa ka maido mishi da ita."

Ya miƙe, ya goge hannu da yashi. Muttaƙa na tsaye taku biyu daga gare shi, amma ni ya fuskanta.

"Mushe Chindo, ka ce ma mutumin ɗakin can, rudun ga za ya koma inda anka ɗauko shi. Amma ba a kai ƙazanta bisa tudun babana. Wanda ya riƙe mabuɗi, shi ka shara."

Na juya na maimaita, kalma bayan kalma, ko da yake ya ji.

Muttaƙa ya dubi shaddarsa. Ya dubi baƙi. Ya dubi ƙofar. Kunyar da ta ɗaure Hamani wata biyar ita ce yanzu ta kama shi a wuya, domin suruki ba ya cewa a'a. Kande ta miƙa wa Fadila tsintsiya da kaskon kwasa, Fadila ta miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Ya tattare riga, ya rarrafa ciki, waya na binsa a baya daga ƙarƙashin hula.

Mu kuwa muka gudu zuwa shago, inda iska ke kaɗawa. Aka kawo wa baƙi ruwa. Janareto na ta aiki, ba wanda ya tuna ya kashe. Dattijon nan na Galmi, mai ciwon gwiwa, shi ya fara lura.

"Lambar ga ta motsa."

Muka matsa. 31. Muna kallo ta koma 34. Rana ta take tsaka, mutum na cikin ɗakin kara a lungun da babu iska, da hula a ka, yana kwasar ruɓaɓɓiyar albasa. 36. 38. Wata huɗu abin bai taɓa yin aiki kamar na wannan minti goma ba. Da ta kai 39 sai gilashin ya rikiɗe ya yi ja wur, wani rubutu ya fito da ba wanda ya taɓa gani. Fadila ta ce Muttaƙa da kansa ya shibta mata kalmomin tun ranar da ta zuba umarnin, ya ce a sa su da manyan baƙaƙe.

"Mushe, karanta muna," in ji Alhaji Badaru.

Na gyara tabarau na karanta yadda yake a rubuce: "ABIN DA KE CIKIN RUDU YA FARA RUƁA. A FITAR DA SHI MAZA."

Wani ya sarƙe da ruwa. Fadila ta zame daga benci ta zauna a ƙasa. Hamani dai bai yi dariya ba. Yana zaune da albasarsa a hannu, ya dubi jan gilashin, ya gyaɗa kai a hankali kamar mai sauraron wa'azi.

"Mushe Chindo," ya ce, "ka tafi ka ce ma mutumin ɗakin can na yi ma na'urarsa mummunan zato, ashe tana faɗin gaskiya. Amma ka ce mishi kar ya damu. Mu mun saba, wanga ko an fitar da shi ba a samun iri. Ya ƙarasa sharar tukuna."